Me aka ba Abdulsalami ya tafi da shi Yamai? Muhawara kan manzannin musamman na shugaban ƙasa

Malam Nasiru Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da manzannin musamman ɗin nan da shugabanni ke naɗawa, duk rikicin da ya tashi sai ka ji an ce shugaba ya tura wane, a ɗau hoto a filin jirgi, a dawo a ce an tattauna, shikenan ba ka ƙara jin komai. Ku ɗauki na Nijar. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba sojoji kwana bakwai su mayar da Shugaba Bazoum da suka kifar ko a far musu, aka rufe boda, aka yanke musu wuta, sannan fa sai ranar 3 ga Agusta Tinubu ya tura Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi. To don Allah me aka aike su su faɗa? An riga an yanke hukunci an shelanta wa duniya. Ni a ganina ba a yi wa dattawan nan adalci ba, an tura su hannu rabbana, kuma duk girman manzo in wanda ya aike shi bai ba shi abin da zai ajiye a kan tebur ba to wahalar banza ya sha.

Alhaji Sahabi Illela: Wa'alaikumussalam. Malam Nasiru ka sosa man inda ka yi man ƙaiƙayi. Mu da muke bakin iyaka mu munka ga abin da idonmu, motoci jere tun daga nan har inda ido ka iya kai, kaya na ruɓewa cikin buhu, 'yan uwanmu na Ƙonni ba su iya tsallakowa ko jana'iza. Randa munka ji an ce Sarkin Musulmi ya tafi wallahi mun ɗauka magana ta ƙare, sai da safe munka ji ai ko garin ba su shiga ba.

Sadiya Zariya: Tsaya Alhaji, da gaske ba su shiga gari ba? Ni na ɗauka sun ga Janar Tiani, shugaban sojojin da suka yi juyin mulkin

Malam Nasiru Gwale: A zuwan farko a filin jirgi suka tsaya ƙanwata, ba su ga Tiani ba ba su ga Bazoum ba, cikin daren suka juyo. Kuma a daren ne sojojin suka sanar da kawo ƙarshen aikin jakadunsu a Najeriya da Togo da Faransa da Amurka. Zuwa na biyu ne, 19 ga Agusta, suka ga su biyun.

Abu na Maraɗi: Salamu alaikum. Ku bari in faɗi yadda munka ga abin daga wannan ɓangare, don ku can labarin da kuka ji daban. Ba wanda ya raina Abdulsalami a Nijar, mun san shi tun 2009 lokacin tazarcen Tandja, shi ne Sedeyawo, wato ECOWAS, ta sa ya shiga tsakani. Sarkin Musulmi kuwa ubanmu ne gaba ɗaya, ba na Najeriya kaɗai ba. Amma ku duba halin da anka iske mu, an katse muna kuran, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga wajenku take zuwa, magani ya fara wuya a farmasi, shinkafa ta tashi, kuma ana ƙirga muna kwanaki. Mutane ba su ga dattijo biyu ba, wa'adi sunka gani ya sauka daga jirgi. Ko da sojojin na son zama da su, da wace fuska za su fito gaban jama'ar da ta cika titi?

Musa Bulunkutu: Amma Abu mu ji tsoron Allah, kar mu wanke sojoji tas. Sun tsare zaɓaɓɓen shugaba da matarsa da ɗansa a cikin gida, shekara biyu ta wuce ba a sake shi ba. Ba Abdulsalami kaɗai suka yi wa haka ba, Victoria Nuland ta Amurka ta je ranar 7 ga Agusta ta zauna da Janar Barmou, ɗaya daga cikin jagororin sojojin, ita ma aka hana ta ganin Tiani da Bazoum, washegari suka ƙi karɓar tawagar ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ba ya son sulhu ko wa ka aika masa zai nemi dalili.

Abu na Maraɗi: Ban wanke kowa ba ɗan uwa, ni kaina ban yarda da ci gaba da tsare Bazoum ba kuma ina faɗin haka gaban kowa. Amma in ba su son ganin kowa, me ya sa sunka ga Mahamat Deby na Cadi tun ranar 30 ga Yuli har ya ɗau hoto da Bazoum? Me ya sa sunka ga Sarki Sanusi ranar 9 ga Agusta? Me ya sa sunka karɓi malamai?

Malam Nasiru Gwale: Yawwa! Tambayar kenan da nake so a tsaya a kai.

Ustaz Kabiru Funtuwa: Bismillah. Ina bin maganar tun farko. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zauna da Tiani ranar 12 ga Agusta, sun daɗe tare, kuma da suka dawo abin da suka bayyana shi ne ya nuna takaicinsa cewa ECOWAS ta ba da wa'adi ba tare da ta ji ta bakinsu ba, har ya ba da haƙuri kan yadda aka yi wa tawagar Abdulsalami. Sati ɗaya bayan nan sai ga Abdulsalami ya koma, Firaminista Lamine Zeine ya tare shi, ya ga Tiani ya ga Bazoum. To ni abin da na fahimta malamai sun samu shiga ne saboda ba su je da sanda ba, sun je da zumunci da addini. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, Annabi (SAW) yana zaɓar manzo gwargwadon wanda za a je wurinsa, Dihyatul Kalbi aka aika wa sarkin Rum, a Hudaibiyya kuma Sayyidina Usman aka tura Makka saboda yana da dangi masu ƙarfi a cikin Ƙuraishawa da za su tsare shi. Zaɓen mutum rabin aiki ne.

Musa Bulunkutu: Allah ya saka Ustaz, amma a ƙara da cewa kwana ɗaya bayan zaman malaman sojojin suka fito suka ce za su gurfanar da Bazoum kan cin amanar ƙasa. Wato an karɓe su da fara'a amma ba a ba su komai ba. Samun shiga daban, samun biyan buƙata daban.

Ustaz Kabiru Funtuwa: Haka ne, ban musa ba. Sai dai ka tuna a makon nan kowa yaƙi yake jira, ranar 10 ga Agusta shugabannin sun ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Duk wanda ya sa aka ƙara kwana ɗaya ba a harba harsashi ba ya yi mana aiki, mu da jihohi bakwai ke manne da Nijar, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno.

Hajiya Binta Lawal: Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba, don ana ta cakuɗa abubuwa. Jakada daban, manzo na musamman daban. Jakada shi zama yake yi a ƙasa, sai ƙasar da za a kai shi ta amince da sunansa tukuna, ya miƙa takardun kama aiki, yana da ofis da ma'aikata, yana aiko da rahoto ma'aikatar harkokin waje, kuma a Najeriya sashe na 171 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce naɗinsa ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince. Manzo na musamman kuwa shugaba ne kawai zai kira shi ya ce je ka wuri kaza kan magana kaza, ba ya bi ta majalisa, kai tsaye ga shugaba yake komawa. Wannan ne ƙarfinsa, don wanda aka je wurinsa ya san bakin shugaba ne ke magana ba wani darakta ba, kuma ana iya tura shi wurin gwamnatin da ba a amince da ita ba ba tare da an ce an amince da ita ɗin ba. Kun ga a Nijar dole sai irinsa, don ECOWAS ba ta yarda Tiani shugaba ba ne, to ta yaya jakada zai je ya zauna da shi da sunan gwamnati? Amma kuma wannan ɗin dai shi ne rauninsa, ba mai tambayarsa me ka je ka yi, nawa aka kashe, ina rahoto. Mu talakawa sai abin da ya ga dama ya faɗa wa 'yan jarida a ƙofar Villa.

Sadiya Zariya: Anti to doka ta san da su kuwa? In aka kama manzo a can fa?

Hajiya Binta Lawal: Ta san da su. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta jakadu masu zama ce, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wata a 1969 musamman don tawagogin wucin gadi, ta ba su kariya irin ta jakadu matuƙar ƙasar da za a je ta amince da zuwan. Ƙasashen da suka shige ta ba su da yawa, amma al'adar ba a taɓa ɗan aike ta girmi duk wata takarda. Kin ga kalmar amincewa ita ce komai, shi ya sa da suka ce wa tawagar 8 ga Agusta kar ta zo, ba yadda za a yi.

Malam Nasiru Gwale: Hajiya kin ƙara min hujja ma. Tunda kai tsaye bakin shugaba ne, to in shugaban ya riga ya ɗaure kansa a bainar jama'a me ya rage wa manzo? Ku duba zuwa na biyu ɗin ma, ranar 18 ga Agusta hafsoshin soja sun gama taro a Accra, kwamishinan ECOWAS Abdel-Fatau Musah ya ce an tsayar da ranar shiga, washegari Abdulsalami ya sauka Yamai. A daren Tiani ya fito talabijin ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba, ECOWAS ta yi fatali da shi nan take. Yau ina muke? Da an ba Abdulsalami izini ya ce to mun ji uku, mu muna cewa ɗaya, ku saki Bazoum mu kunna wuta mu buɗe boda, a yi ciniki, wallahi ina ganin da an samu wani abu. Mutumin da shi kansa soja ne ya miƙa mulki cikin wata goma sha ɗaya a 1999, ya jagoranci sulhun Laberiya a Accra a 2003, ai ya san yadda ake lallaɓa mai bindiga ya sauka.

Baba Ɗanjuma Kaduna: Nasiru ɗana, maganarka akwai gaskiya amma ka sauƙaƙa abin da yawa. Tinubu hula biyu ya sa a lokacin, shugaban Najeriya ne kuma shugaban ECOWAS da aka zaɓa a Bissau ranar 9 ga Yuli, ko wata ɗaya bai yi a kujerar ba, kuma a ranar ya yi alwashin ba za a lamunci juyin mulki ba. Abdulsalami da sunan ECOWAS ya je. Ba shi da ikon ya yi rangwame kan abin da shugabanni suka zartar tare, ko Tinubu kansa ba shi da wannan ikon shi kaɗai, ga Ouattara da Macky Sall da Talon kowa na da bakinsa. Kuma ku tuna an yi Mali, an yi Gini, an yi Burkina sau biyu, suna tsoron in aka yi ciniki da Nijar gobe wani kanar zai ce shi ma a yi da shi. Ban ce sun yi daidai ba, ina faɗa maka abin da ya ɗaure hannun manzon ne. Irin wannan tsohon ciwo ne a ƙasar nan. A 1893 da Sarkin Kano Bello ya rasu, Waziri Buhari na Sakkwato shi ne ƙofar Kano, wato mai kula da lamuran Kano a fadar Sarkin Musulmi, shi ya san garin, amma umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman shi ne a naɗa Tukur, ya naɗa, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice tare da Yusufu aka shiga basasa. Wanda ke wurin yana ganin abin da na nesa ba ya gani, amma alƙalami na hannun na nesa.

Malam Nasiru Gwale: Baba ai abin da nake kuka da shi kenan, ka faɗe shi fiye da yadda zan iya. In za ka aiki mutum don ya fi ka sanin wurin, to ka saurare shi kafin ka yi magana, ba bayan ka yi ba.

Baba Ɗanjuma Kaduna: Na yarda da wannan. Kuskuren a jeri yake, da manzo aka fara turawa ranar 27 ko 28 kafin taron 30 ga wata, da ya tafi da wa'adin a aljihu ba a rediyo ba.

Alhaji Sahabi Illela: Baba Allah shi ƙara girma. Ni abin da ya fi ƙona man rai shi ne daga ƙarshe duk abin da anka ce ba a yi sai da anka yi shi kyauta. Fabrairu 2024 anka ɗage takunkumi, bayan Janar Gowon ya rubuta wasiƙa yana roƙo, Maris anka buɗe boda, ba a saki Bazoum ba, ba a sa ranar zaɓe ba, kuma tun Janairu sun riga sun ce sun fice daga ECOWAS su da Mali da Burkina. To mi anka ci? Mu dai munka ci asara.

Rabi'u Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum daga zango. Ku bari in kawo muku na Ghana don a kwatanta. Da Mahama ya dawo mulki a Janairu 2025, Ibrahim Traoré na Burkina da kansa ya zo rantsar da shi, cikin watan nan ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey, tsohon soja kuma tsohon mai kula da tsaron ƙasa, manzo na musamman ga ƙasashen AES, wato ƙawancen Mali da Burkina da Nijar, sannan a Maris shi Mahaman ya taka da ƙafarsa ya je Bamako da Yamai da Wagadugu. Bai ce zai dawo da su ECOWAS gobe ba, maganar tsaro da kasuwanci ya sa gaba, don albasar da muke ci a nan daga Nijar take zuwa, tumatir daga Burkina, su kuma kayansu na bi ta tashar Tema. Manzon yana share hanya ne shugaba na biye da shi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Musa Bulunkutu: Rabi'u ai Ghana ta samu sauƙi ne don gwamnati ta canza, Mahama ba shi ya sa hannu a takunkumi ba. Haka Diomaye Faye na Senegal, ECOWAS ta ɗora masa shiga tsakani shi da Faure na Togo a Yuli 2024, ya naɗa Farfesa Abdoulaye Bathily manzonsa, mutum mai ilimi da gogewa, ya yi ta zirga-zirga, amma ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar ta tabbata. Don haka kar a ɗauka sabon fuska kaɗai ya isa.

Abu na Maraɗi: In ana maganar wanda ya samu wani abu a hannu to Togo ce. Ɗan Bazoum, Salem, a Janairu 2024 anka sake shi, ministan harkokin wajen Togo Robert Dussey ya zo ya tafi da shi Lome. Haka sojojin Kodebuwa 49 da Mali ta kama a 2022, ta hannun Faure anka warware. Ƙaramar ƙasa, ba ta da rundunar da za ta tsorata kowa, ba ta hayaniya, abu guda take nema a lokaci guda.

Hajiya Binta Lawal: Abu ka faɗi muhimmin abu, aikin ya zama ƙarami kuma a san iyakarsa. A sako mutum kaza, a buɗe hanya kaza. Amma a ce wa manzo je ka ka sa sojoji su sauka daga mulki su mayar da wanda suka kifar cikin kwana uku da suka rage, wannan ko wa aka ba ba zai iya ba. Ni kuma damuwata ta wuce Nijar. A Satumba 2023 gwamnati ta kira jakadunmu gida daga ko'ina, aka shafe sama da shekara biyu ofisoshinmu na hannun masu riƙo. Mai riƙon ofis ba ya samun ganin manya yadda jakada ke samu. To in ba ka da mai zama a gari yana shan shayi da mutane yana jin abin da ake ƙullawa, ranar da wuta ta tashi sai ka ɗauko dattijo ka sa a jirgi, wa zai gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa? Manzo kan aikin jakada yake hawa.

Sadiya Zariya: To shi Kingibe fa, na ji shi ma an tura shi a lokacin

Musa Bulunkutu: Eh, rana ɗaya da su Abdulsalami aka tura Babagana Kingibe Libiya da Aljeriya, don su ma maƙwabtan Nijar ne, kuma Aljeriya ta fito ƙarara ta ƙi yaƙi har daga baya ta kawo shawarar riƙon ƙwarya na wata shida. Dama tun 2021 bayan rasuwar Idriss Deby Buhari ya naɗa shi manzo na musamman kan Cadi da yankin Tafkin Cadi, da matsayin minista. Mu nan Barno abin ya shafe mu kai tsaye don sojojin Cadi na cikin rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram, in Injamena ta rikice mu ne a gaba. Kuma ku lura, a Cadi ɗan marigayi ya karɓi mulki da kaki ba a sa masa takunkumi ba, aka bi shi da lallami, a Nijar kuma aka ɗaga sanda. Na san Cadi ba ta cikin ECOWAS, amma sojojin Yamai sun ga bambancin.

Ustaz Kabiru Funtuwa: Ni abin da zan roƙa shi ne a daina sa Sarkin Musulmi a irin wannan tafiya sai an tabbatar za a karɓe shi. Mutuncin kujerar nan na al'umma ne duka, daga Sakkwato har Agadas, ba abin da za a riƙa gwaji da shi ba ne a filin jirgi.

Baba Ɗanjuma Kaduna: Ustaz a nan kam na saɓa maka. Ya san abin da zai iya tararwa ya kuma tafi, shi ma tsohon birgediya janar ne ba baƙon sojoji ba. Da ya ƙi zuwa aka yi yaƙi me za mu ce masa? Tsayuwar nan ta filin jirgi ita ta sa mutane da yawa a Arewa suka farka, kwana biyu bayanta Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan tura soja.

Malam Nasiru Gwale: Baba sanatocin Arewa sun riga sun nuna ba sa so, amma na ji ka. Hajiya tambaya ɗaya, majalisa na da hurumin ta kira manzo ta ce ya zo ya yi mata bayanin abin da ya je ya yi?

Hajiya Binta Lawal: Sashe na 88 da 89 sun ba ta ikon bincike da kiran mutum kan duk abin da ta ware wa kuɗi, kwamitin harkokin waje na iya yi ko a zaman sirri ne. Sai dai na Abdulsalami za su ce maka aikin ECOWAS ne ba na gwamnatin tarayya ba, a nan za a tsaya ana ja. Na Kingibe kan Cadi kuwa naɗin shugaban Najeriya ne zalla, wannan suna iya kira.

Alhaji Sahabi Illela: To a kira su mana. Mu na bakin iyaka muna son mu ji mi anka faɗa da sunanmu.